Badagry, Epe ko Ibeno: ina za a kai iyali kamun kifi a teku?

Da an gama kaka, an kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari ko Dawanau, kuɗi ya ɗan zauna a aljihu, akan sami magidanci nan da can a ƙauyukanmu na yankin Ringim, Taura, Miga ko Wudil da zai ce bana sai ya kai yara sun ga teku. Yawanci mai ɗa ne ko ƙane a Legas, a Agege ko Mile 12, wanda ya daɗe yana roƙon a zo. In gidan masunta ne kuwa, zancen ba ya tsayawa a kallo. So ake a jefa ƙugiya cikin ruwan gishiri a ga me zai biyo ta.

Sai kuma a zo kan ina za a dosa. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 850 daga iyakar Benin zuwa ta Kamaru, amma tsakiyarta, wato yankin Neja Delta, laka ce da rassan kogi da dajin da ke tsiro cikin ruwa. A wurare da yawa mota ba ta kai mutum bakin teku, kuma ba wurin yawo da mata da yara ba ne. Abin da ya rage wa irinmu wurare uku ne: Badagry a yammacin Legas dab da iyakar Seme, Epe a gabashin Legas, sai Ibeno a jihar Akwa Ibom. Mai ƙananan yara, wanda kuɗin tafiyarsa daga rumbu ya fito, ni Badagry nake zaɓar masa, cikin sanyi, a yi kamun kifin a ruwan da ke gaban gari, teku kuwa a tsaya kan rairayi a sha kallo. Sauran biyun kowanne da irin wanda ya dace da shi.

Kafin garuruwan, sai an san ruwan tukuna. Wanda ya iya iyo a Kogin Haɗeja ko dam ɗin Tiga shi ya fi kowa shiga hatsari a teku, don ya yarda da ƙwanjinsa. Gaɓar Legas mai gangare ce, ka yi taku kaɗan cikin ruwa ƙasa ta zurma, igiyar ruwa kuma tana tasowa ne tun daga can kudancin Atlantika babu abin da ya tare ta. Ruwan da ta watso kan rairayi dole ya koma, sai ya haɗu a wani ɗan lungu ya kwarara baya da ƙarfi, kamar yadda ruwa ke fita in an ɗaga ƙofar kanal a Kadawa. Wurin nan kuma shi ne ido zai ga ya fi ko'ina lafiya, don kumfa ba ta fashewa a kansa. Wanda ruwan ya ja, in ya dage sai ya dawo kai tsaye, gajiya ce za ta gama da shi. Dabarar ita ce ya yi iyo ta gefe, ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga inda ake jan. Faɗa a baki ba wuya. Mace mai zani da hijabi da ruwa ya jiƙe, ko yaro ɗan shekara takwas da ya kiɗime, ba za su tuna da wata dabara ba. Tun daga gida a kafa doka: ruwa kada ya wuce ƙwaurin kowa, kuma kada yaro ya juya wa teku baya.

Abu na biyu, teku yana cikowa yana janyewa sau biyu tsakanin yini da kwana, kullum lokacin na jinkirtawa da kusan minti 50. Wata ne ke jan sa, shi ya sa lissafin watan Musulunci ya fi kalandar bango amfani a nan. Tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar, cikowar ta fi yawa, janyewar ma haka. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu ruwa ya fi lafawa. A Legas tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa ba ta fi mita 1 ba, amma tana ƙaruwa in aka nausa gabas, har ta kusa mita 3 a bakin kogin Kalaba. Kifi ya fi cin ƙugiya lokacin da ruwa ke tafiya, musamman in cikowar ta dace da sanyin safiya ko la'asar sakaliya.

Dattawa kan tambayi alwala da halaccin abin da aka kamo. Wannan an daɗe da rufe shi: hadisi ya tabbata cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ƙaguwa da jatan lande da sauran dabbobin ruwa duk ana ci. Sha ne dai babu hali, don kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. A riƙe jarkar ruwan daɗi.

Hanya ita ce rabin shawarar. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Tsohuwar hanya ta Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jebba, Ilori ta fi kusa a taswira, amma matsalar 'yan bindiga ta sa direbobi da yawa suna zagayawa ta Abuja, Lokoja, Okene, Akure, Ibadan. Da yara da tsofaffi kada a yi ta a zama ɗaya, a kwana a hanya, tafiyar dare kuma a bar wa masu tirela. Jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano awa ɗaya da rabi ne, sai dai kuɗin mutum shida ko bakwai ba na manomi ba ne, ga shi hazon hunturu kan sa a ɗage tashi a daidai watannin da suka fi dacewa da tafiyar. Ibeno ta fi wuya nesa ba kusa ba. A mota sai an bi ta Lafiya da Makurɗi, daga nan ko dai a ratsa Inugu da Umuahia zuwa Uyo, ko a zagaya ta Ogoja da Ikom. Mai ratsa kudu maso gabas ya san da zaman gidan dole na ranar Litinin da 'yan awaren Biafra suka fara a Agustan 2021, ya tsara tafiyarsa yadda ranar ba za ta riske shi a can ba. A jirgin sama kuwa galibi sai an sauka Abuja ko Legas an sake wani zuwa Uyo.

Ko ta ina aka bi, a bar mashi da adda da duk wani ƙarfe mai kaifi a gida. Kisan da aka yi wa mafarauta 16 'yan Kano a Uromi cikin Maris ɗin 2025 bai bar wa kowa shakka ba game da yadda ake kallon kayan sana'armu a wasu hanyoyin kudu. Zare da ƙugiya da dalma ana samunsu a can. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa.

Abin da ya ɗaga Badagry sama da sauran shi ne zubin wurin. Garin ba a bakin teku yake kai tsaye ba. A gabansa akwai wani dogon ruwa kwantacce da ya miƙe daga Porto-Novo ta ƙasar Benin har tashar jiragen ruwan Legas, bayan ruwan akwai siririn tudun rairayi da kwakwa, bayan tudun sannan teku. Ke nan a wuri ɗaya kana da ruwa biyu: na zama cikin kwale-kwale da yara hankali kwance, da na kallo. Daga bakin Marina jirgi kan tsallaka da mutane tsibirin Gberefu cikin 'yan mintuna, sai a taka cikin yashi kamar rabin awa in da yara, kana jin rurin teku tun kafin ka gan shi. Wannan ita ce hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa jiragen Turawa. A cikin gari akwai gidajen tarihi na wannan zamani, har da gidan Seriki Williams Abass da ɗakunansa na tsare bayi, da benen da 'yan mishan suka gina a 1845. Ɗan makarantar da ya karanta tarihin Daular Usmaniyya zai so ya ji cewa daga nan Badagry Baturen nan mai yawon bincike Clapperton ya tashi cikin Disambar 1825, ya yi tattaki har Kano, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya mutu a 1827. Yanzu ma babbar hanyar da aka ƙaddamar da aikinta a 2024 daga Illela ta jihar Sakkwato, Badagry ta nufa.

Ruwan gaban garin ba gishiri zalla ba ne. Da damina kusan ruwan daɗi ne, da rani gishiri yake shigowa, kifin teku ya biyo shi. Abin da za a fi kamawa da zare shi ne wata irin karfasa mai baƙin haɓa, da kifin da Yarabawa ke kira obokun, ɗan uwan ragon ruwanmu, da ƙaguwa mai yawan gaske. Ƙaguwar nan ita ce abokiyar yara. Na ga wata 'yar yayata, da ba ta taɓa riƙe fatsa ba, ta ɗaura kan kifi a zare ba ko ƙugiya, ta saki a gefen kwale-kwale. Can ta ji nauyi, ta riƙa jawowa a hankali, sai ga ƙaguwa shuɗiya ta maƙale wa kan kifin ta ƙi saki, har mai jirgin ya zura 'yar koma ta ƙarƙashi ya kwaso ta. Ƙaguwar ta faɗo cikin jirgi ta ɗaga hannuwanta biyu tana tafiya a karkace, yara duk suka ɗage ƙafa kan benci suna ihu, mai jirgin ya danne bayanta da ɗan yatsa ya kama ta ta baya, ya nuna musu inda ake riƙewa ba ta iya cizo.

Za ka ga wurare a cikin ruwan an kakkafa rassan itace cunkus. Ba shara ba ce, gonar kifi ce ta wani, ya zuba kuɗinsa kifi na taruwa a ciki har ranar da zai kewaye da raga. Kada a jefa ƙugiya a nan. Masuntan yankin yawancinsu Egun ne, kuma suna da shugabanninsu kamar yadda muke da Sarkin Ruwa. Wanda ya fara gaisuwa, ya ɗauki ɗan gari ya tuƙa shi, ba zai sami matsala ba.

A gefen teku kuwa, abin da ya fi dacewa da iyali shi ne jan taru. Da asuba jirgi kan fita da ragar ya zagayo ya dawo da ɗaya bakin igiyar, sai mutane su jeru layi biyu kan rairayi suna ja da baya da baya, suna waƙa, na ƙarshe ya saki ya koma gaba, haka har rana ta ɗaga. Baƙo in ya nemi izini ya kama igiya ba a hana shi, kuma akan ɗan ba shi na miya. Wani kawuna da ya tsufa a sana'ar su tsakanin Haɗeja da Guri ya tsaya ya daɗe yana kallo, hannu a baya. Ɗan ƙanensa ya ce, “Kawu, ai wannan tarunmu ne.” Ya ce, “Taru ne, ɗan nan, amma mu muke jan namu. Wannan ka duba, sai ruwa ya turo suke ja, in ya koma su tsaya su toƙare.” Da jakar ragar ta iso, mata suka yi caa da bahuna. Aka zazzage: ƙananan sardin, bonga, wani dogon kifi siriri mai sheƙin azurfa da haƙora, ƙaguwa, da leda da robobi da suka kusa kai yawan kifin. Kawu ya tsuguna ya ɗaga wani mai faɗi da idanunsa biyu duk a gefe ɗaya, ya jujjuya shi, ya ce Allah mai iko, ya mayar.

Aibin Badagry hanyarta. Daga Mile 2 ta Okokomaiko da Agbara tafiyar ba ta kai kilomita 70 ba, amma cunkoso kan cinye rabin yini, kuma saboda kusancin iyaka shingayen jami'an tsaro da na kwastan suna da yawa, musamman in ana dawowa. Kada a sayi shinkafar waje ko da arha ta kai ina. Daga ƙarshen damina zuwa wajen Disamba kuma wata ciyawa mai kama da kainuwa kan rufe ruwan. Ta nan ta fara shigowa Najeriya daga Benin a 1984, tana kama farfelar inji, sai gishiri ya shigo sosai take mutuwa. Masauki masu sauƙin kuɗi akwai, masallatai akwai, 'yan uwanmu masu nama da shayi da kayan gwari suna nan, don haka uwargida ba za ta rasa abin ɗorawa a tukunya ba.

Epe kuma garin kifi ne na gaske, kuma ta fi sauƙin shiga ga wanda ya taho daga arewa, don daga Ibadan ana iya bi ta Ijebu-Ode a faɗa mata ba tare da an taka tsakiyar Legas ba. Musulmi suna da yawa ƙwarai, tun zuwan Kosoko da jama'arsa bayan Ingilishi sun kore shi daga sarautar Legas a 1851, kuma har yau suna bikin Kayo-Kayo a farkon shekarar Musulunci. Kasuwar kifi ta Oluwo mata ne ke riƙe da ita, kifi da ransa cikin bahuna, ga kada, ga kunkuru, ga naman daji. Tsohuwa da ba ta son hawa jirgi za ta yini a nan ba ta gaji ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Ruwan Epe, wanda ya haɗe da babban tafkin Lekki, kusan na daɗi ne duk shekara, don koguna irin su Osun ke zuba a cikinsa kuma bakin teku na da nisa da shi. Kifin da ake taƙama da shi a kasuwar, eja osan, shi ne yauninmu, wanda wasu ke ce wa ɗan sarki. Sauran su ne bargi, tarwaɗa, karfasa. Mutumin Baturiya da ya yi tafiyar kwana biyu ya tarar da bargi, da wane baki zai ba da labari a gida? In ana son teku daga Epe sai an sake shiga mota zuwa wajen Eleko ko Akodo, yankin da matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki suka cika da manyan motoci. Bakin tekun da ke kusa da birni ta wannan ɓangare kuma yawanci an killace shi, ana biyan kuɗin shiga, ga kiɗa ga giya ga shigar da magidanci ba zai so ya zauna da 'ya'yansa mata a ciki ba. Epe ta dace da iyalin da tsofaffi suka fi yawa, ko wanda sayen kifi ya fi damunsa da kamawa.

Wanda ya riga ya sauka wurin ɗan uwa a cikin Legas kuma ba ya son nisa, akwai Tarkwa Bay. Wani lungu ne a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, wanda katangar duwatsun da Turawa suka zuba a farkon ƙarni na 20 ta tare masa igiya, don haka ruwansa ya fi na ko'ina lafawa. Sai da jirgi ake zuwa. Masu sanda da zare kan tsaya kan duwatsun su kamo kifin teku sosai, yara kuma su ga manyan jiragen dakon kaya na wucewa dab da su. Duwatsun na da santsi, ba wurin yaro ba ne. A je ranar aiki da safe, a dawo kafin la'asar.

Ibeno ta fi su duka kyan gani, wannan ba gardama. Rairayi ne shimfiɗe iya ganinka, in ruwa ya janye sai fili ya buɗe yara su yi ta gudu, kuma kogin Qua Iboe yana shiga teku a nan, irin mahaɗar da manyan kifaye ke so. Garuruwan masunta irin su Mkpanak da Upenekang cike suke da jiragen inji da rumfunan banda, bonga da ƙananan jatan landen da ake dakawa a miya a nan ake yin su. Wanda ke son ya ga kamun kifi a matsayin babbar sana'a, nan ne. Sai dai shimfiɗar wurin kan yaudari mutum ya yi nisa cikin ruwa, jan nan na baya yana nan, kuma cikowar ta fi ta Legas sauri da yawa. Tashar fitar da ɗanyen mai tana gefe, da dare ana hango wutar iskar gas, wani lokaci malalar mai kan ɓata ruwan. Masuntan yankin sun daɗe suna kuka da 'yan fashin teku masu ƙwace injin jirgi, abin da ya sa fita can ciki da iyali bai taso ba. Hausawa suna nan a Uyo da Eket da masallatansu, amma a bakin ruwan kansa nama da abincin da hankali zai kwanta da shi sai an yi guzuri, ko a tsaya kan kifi. Ruwan sama kuma ya fi na Legas yawa da daɗewa. Ibeno ta ma'aikaci ce da aka tura Uyo ko Fatakwal iyalinsa suka kai masa ziyara, ko 'yan kasuwar kifi da ke son ganin tushen kayansu. Tasowa takanas daga Gumel ko Kazaure da yara bakwai domin ta, wahalar ta fi daɗin.

Wasu kan ce tunda an zo Badagry me zai hana a tsallaka Kwatano, inda zango yake cike da Hausawa, a wuce Ouidah ko Grand-Popo. Wuraren na da tsabta da natsuwa, amma ana bukatar takardun tafiya da katin rigakafin shawara na kowane mutum, ga canjin sefa da ke cinye naira. Igiyar ruwan can ma ba ta fi ta Legas sauƙi ba.

Duk inda aka zaɓa, samari za su matsa sai an shiga jirgi an fita cikin teku, don can ne ake samun barakuda, da jan kifin nan mai tsada, da manyan kuroka. Masu kuɗin Legas suna da jiragen haya na musamman da ke fita nesa, kuɗin yini ɗaya ya isa sayen taki na shekara. Na talaka shi ne ya roƙi masunta su tafi da shi cikin babban kwale-kwalensu mai inji. Wurin hatsarin shi ne fita da shigowa, inda jirgi ke ratsa igiya: matuƙi yana ƙirga raƙuman ruwa, ya ga tazara ya taka wuta, in ya kuskure jirgin ya kife da kowa. Bayan an wuce nan sai jiri da amai, waɗanda ba su san jarumi ba. Citta na ɗan taimakawa, haka kallon can inda sama ta haɗu da ruwa, haka cin abu kaɗan marar maiƙo kafin a tashi. Wannan fita ta manya ce su biyu ko uku, ranar da masuntan da kansu suka ce ruwa ya kwanta. Yaro ko mace mai ciki ko tsoho, a'a.

Rigar ruwa, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, kuwa ko a ruwan gaban gari ba a sasanta ta. Mu da muka ga abin da ya faru a dam ɗin Watari na Ɓagwai a ƙarshen Nuwambar 2021, inda jirgi ya nutse da jama'a yawancinsu ɗaliban Islamiyya, ba ma bukatar wani ya yi mana wa'azi kan lodi fiye da ƙima. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas ta wajabta sa rigar, an kuma hana tafiyar dare. A duba cewa akwai daidai jikin yara, don ta manya in aka zura wa ƙaramin yaro zamewa take ta kansa. In mai jirgi ya ce babu, a nemi wani jirgin.

Kayan kamun kifi ba sa bukatar wani tsada. Birgi da kalli da mamari a bar su a gida, ruwan na da masu shi, kuma raga a hannun baƙo rigima take jawowa. Zare mai ɗan kauri, ƙugiyoyi ƙanana da matsakaita, da dalma mai nauyi fiye da wadda muka saba, don ruwa mai tafiya ba ya barin ƙarama ta zauna. Irin su tana, gara da ƙullin dusa ba su da kasuwa a wurin kifin gishiri, ɗanyen jatan lande da yankan sardin ake sawa. Da an dawo a ɗauraye komai da ruwan daɗi, in ba haka ba kafin gari ya waye tsatsa ta kama. Abu uku kada yaro ya taɓa: ƙayar tarwaɗar teku, wadda ta fi ta ƙurungu zafi, da wutsiyar kifin nan mai faɗi mai dafi, da talibamban na teku, wanda gubar cikinsa ke kisa ko an dafa. In ƙaya ta soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai yadda zai iya jurewa, a nufi asibiti. Kunkurun teku in ya faɗo raga doka ta hana a taɓa shi. Kuma a gaya wa yara tun da wuri cewa titus ɗin da suka sani a kasuwa ba za su kamo shi ba, daga tekun arewacin Turai ake shigo da shi cikin ƙanƙara.

Lokaci kuwa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Teku ya fi kwanciya, ruwan sama ya ɗauke, gishiri ya shigo ruwan gaban gari. Yuni zuwa Satumba kada ma a fara, can teku na hauka, nan gona na kira. Hutun makaranta na Disamba shi ne ya fi sauƙi ga yara, amma a makon Kirsimeti kuɗin mota da na masauki kan yi tashin gwauron zabi, gara makon farko na hutun ko bayan sabuwar shekara. Mai alkama ko tumatir a fadama ya tanadi wanda zai riƙe masa ban ruwa, don tafiyar da zuwa da dawowa ba za ta gaza mako ba. A 'yan shekarun nan kuma azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, a duba kada su haɗu. Gidan sauro a tafi da shi, sauron can ba ya hutun hunturu.

Wajen kuɗi, mota ce ke cin kaso mafi girma, sai masauki, sai hayar jirgi. Mai ɗan uwa a Legas ya rage na biyu, amma kada ya kwana a Agege ya ce zai sammako Badagry ya riski cikowar safe, hanya ba za ta bar shi ba. Ya kwana biyu a Badagry ɗin. Kuɗin jirgi a gama ciniki a tudu, a faɗi awa nawa, a faɗi mai a wuyan wa yake, a faɗi kifin da aka kama na wa ne. In an yi lissafi aka ga sai an taɓa hatsin ci ko an sayar da san noma, a ɗage zuwa baɗi, a kai yaran Tiga ko Challawa bana su koyi zama cikin jirgi da rigar ruwa.

Kifin da za a kawo gida tsaraba kuma kada a yi tunanin shanya shi. Iskar bakin teku jiƙaƙƙiya ce, abin da zai bushe ƙayau cikin kwana biyu a Haɗeja can ruɓewa zai yi. Kifin da aka zuba cikin kula mai ƙanƙara ba zai kai Kano ba a motar haya. A kai wa matan da ke banda tun ana saura kwana biyu a taso, a biya su, a ce na tafiya arewa ne don su bar shi kan wuta ya bushe sosai, ba irin mai taushin da ake ci a ranar ba. A zuba a kwando ko kwali mai huji, ban da leda, in an iso gida a sake nuna masa hayaƙi kafin a raba wa maƙwabta.